Abin da ya sa ake sayar da haidirojin da kilo a Amurka

Amurka ƙasa ce da ta riƙe ma'aunanta na gado gam: fetur da galan, tafiya da mil. Amma mai motar haidirojin idan ya tsaya shan mai a Kalifoniya, inda kusan duk gidajen sayar da wannan iska suke, kilo zai gani a allon famfo. Ba ra'ayin mai gidan man ba ne. A 2010 ne taron jami'an awo na ƙasar, wato NCWM, ya amince cewa da kilogiram za a riƙa sayar wa masu motoci haidirojin, aka shigar da ƙa'idar cikin kundi mai lamba 130 na NIST, hukumar gwamnatin ƙasar mai kula da ma'aunai. Kundin ba ya zama doka da kansa, sai jiha ta ɗauke shi ta sa cikin dokokinta.

To me ya hana a yi da lita ko galan? Iska ba ta da girma tsayayye. Kilo ɗaya na haidirojin, idan aka bar shi a sake, zai cika wuri mai faɗin lita 11,000 da 'yan kai. Idan aka matse shi yadda ake ɗura wa ƙananan motoci, wannan kilon dai ba zai wuce lita 25 da wani abu ba. Ga kuma zafi da sanyi: famfo kan sanyaya iskar har zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri kafin ta shiga tanki, tana shiga kuma ta ɗau zafi. A cikin wannan hali, wanda ya ce ya sayar maka da lita goma bai faɗa maka komai ba. Nauyi kuwa ba ruwansa da matsi ko yanayi. Duk wanda ya taɓa kai tukunyar gas ɗin girki aka ɗora masa a sikeli ya san zancen.

An kuma taki sa'a. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na haidirojin ya yi kusan daidai da na galan ɗaya na fetur, wato lita 3.8, don haka direba zai iya kwatanta farashi ba tare da dogon lissafi ba. Iskar CNG, wato gas da ake matsewa a ɗura wa motoci, ba ta samu wannan sauƙin ba. Tun 1994 aka ƙirƙiro mata wani ma'auni wai shi “kwatankwacin galan”, wanda a ganina ya fi ruɗarwa fiye da wayarwa.

Ƙa'idar ta kuma wajabta a rubuta matsin iskar a jikin famfo: H35 ko H70, wato megafaskal 35 ko 70 a ma'aunin matsi. Ƙananan motoci irin su Toyota Mirai, wadda tankinta ke ɗaukar kilo 5.6, H70 suke sha.

Inda gizo ke saƙar shi ne ingancin awon kansa. Famfon fetur ba a yarda kuskurensa ya wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Na haidirojin da fari an ce kashi 2, sai aka tarar famfunan ba sa iya kai wa nan, domin auna iska mara nauyi da ke gudu cikin irin wannan matsi ba ƙaramin aiki ba ne. A 2014 Kalifoniya ta sassauta, ta buɗe matakan kuskuren da aka yarda da su har zuwa kashi 10, don gidajen su samu izinin ciniki. Daga baya ƙa'idar ƙasa ta tsaya a kashi 5 ga sabon famfo, kashi 7 ga wanda ke bakin aiki.

Kuskuren na iya faɗawa kan mai saye ko mai sayarwa, ba a ce dole direba ne zai kwana ciki ba. Amma kashi 7 na kilo biyar giram 350 ne, kuma a 2023 farashin kilo ya kai dala 36 a gidaje da yawa na Kalifoniya. Ke nan a wannan farashi direba na iya biyan dala 12 da ɗoriya kan iskar da ba ta shiga tankinsa ba, famfon kuma bai karya doka ba.