Yawon Buɗe Ido da Iyali a Tsaunukan Alps: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗanne ƙasashe ake nufi?

Huɗu ne: kudancin Jamus, wato jihar Bavaria, sai Ostiriya, sai Suwizalan, sai 'yar ƙaramar Liechtenstein da ke tsakanin biyun ƙarshe, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 160 ba. Duk ana Jamusanci, ko da yake na Suwizalan ya sha bamban har Bajamushen Berlin kan sha wuya kafin ya gane. Kamfanoni kan haɗa su a tafiya ɗaya cikin babbar mota da ɗan jagora, galibi a fara daga Munich, a bi ta Salzburg da Innsbruck, a ƙare a Lucerne ko Zurich.

Biza nawa za mu nema?

Ɗaya tak, ta Schengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, domin duk huɗun suna ciki, har da Suwizalan wadda ba ta cikin Tarayyar Turai. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ta wadda za a fara shiga. Tun Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙananan kuwa kyauta. Dole kowa ya sami inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Idan uwa ko uba ɗaya ne zai tafi da yaran, a tanadi takardar amincewar ɗayan. A tuna kuma cewa yuro ake kashewa a Jamus da Ostiriya, amma Suwizalan da Liechtenstein faran suke amfani da shi, kuma can kaya sun fi tsada sosai.

Wace tafiya ce ta fi dacewa da mai yara?

A nan ne nake son a tsaya a yi tunani. Tallan da ya ce ƙasa huɗu cikin kwana shida yana da daɗin ji, amma ma'anarsa kullum a ɗaure kaya da asuba, a wuni cikin mota, a sauka a ɗauki hoto a koma. Babba zai jure. Yaro ɗan shekara biyar ba zai jure ba, haka ma kaka mai ciwon gwiwa. Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi kamfanin awa nawa ake yi a mota kowace rana, kuma a garuruwa nawa ake kwana biyu a jere. Ni dai na fi son tafiyar da ta rage wurare ta bar wa iyali yammaci guda babu shiri, su zauna bakin tafki yara su yi wasa.

Ku duba fadar Neuschwanstein da ke Bavaria, wadda Sarki Ludwig na Biyu ya fara ginawa a 1869, ya rasu a 1886 ba a gama ba. Tikitinta na da ƙayyadadden lokaci, wanda ya makara ya rasa. Daga ƙauyen Hohenschwangau hawa ne na fiye da rabin awa a ƙafa, sai dai in an hau keken doki ko bas, sannan ga matakalai da yawa a ciki, zagayen kuma kusan minti 30 ne kawai. Amfanin ɗan jagora ke nan: shi ke riƙe da tikiti da lokaci. Amma ku gaya masa tun farko cewa akwai tsoho ko mai goyo.

Sanyi fa, ko da bazara?

Har a watan Yuli akwai ƙanƙara a saman tsaunuka. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Zugspitze, tsauni mafi tsayi a Jamus, mita 2,962 ne. Tashar jirgin ƙasa ta Jungfraujoch a Suwizalan, wadda aka buɗe a 1912, tana mita 3,454. A can iska ba ta da kauri, wasu kan ji jiri da ciwon kai. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su tuntuɓi likita tukuna. A tafi da rigar sanyi, takalmi rufaffe da tabarau.

Abinci da salla ga iyalin Musulmi?

Kalmar da za a haddace ita ce Schwein, wato alade, domin yana cikin yawancin tsiren da suke ɗurawa a hanji. Ainihin soyayyen naman da ake kira schnitzel na Vienna naman maraƙi ne, amma gidajen abinci da yawa na alade suke yi, sai an tambaya. Narkakken cukun da ake kira fondue kuma akan zuba masa giya. Kifi, soyayyen dankalin rösti da shagunan Turkawa sukan fitar da mutum. Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgi, don haka a yi cefane ranar Asabar.

Masallatai na nan a manyan birane. Ostiriya ma ta amince da Musulunci a dokance tun 1912. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, Isha ta yi nisa ƙwarai, asuba kuma ta zo da wuri.

Ana hana hijabi?

A'a, mayafi da hijabi ba laifi ba ne ga baƙuwa. Rufe fuska ne aka hana a bainar jama'a: Ostiriya tun Oktoban 2017, Suwizalan tun 1 ga Janairun 2025, kuma tarar tana hawa kan 'yan yawon buɗe ido ma. Mai sa niƙabi ta san da wannan tun kafin a sayi tikitin jirgi.