Khudai Khidmatgar

Khudai Khidmatgar, ma'ana masu yi wa Allah hidima, ƙungiya ce ta Musulmin ƙabilar Pashtun da aka kafa a 1929 a lardin arewa maso yammacin Indiya, zamanin mulkin Turawan Ingila. Yankin yanzu yana cikin Pakistan, ana kiransa Khyber Pakhtunkhwa. Wanda ya assasa ta shi ne Abdul Gaffar Khan, da aka fi sani da Bacha Khan, haifaffen garin Utmanzai a 1890.

Da ilimi ya fara. Tun 1910 ya buɗe makaranta a garinsu, a 1921 ya kafa ƙungiyar gyaran al'umma, a 1928 kuma ya fara buga mujalla da harshen Pashto. Abin da ya fi damunsa shi ne gabar jini. A al'adar mutanensa ramuwa wajibi ce, gida da gida kan yi shekaru suna kashe juna, Turawa kuwa suna cin moriyar wannan rarrabuwa.

Shi ya sa rantsuwar shiga ƙungiyar take da nauyi. Mai shiga yakan yi alkawari da sunan Allah cewa zai yi wa bayin Allah hidima, ba zai ɗauki makami ba, ba zai rama ba, zai yafe wa wanda ya zalunce shi. Bacha Khan bai ɗauki wannan a matsayin baƙon abu ba. Hujjarsa ita ce haƙurin Annabi (SAW) da sahabbai a Makka, lokacin da ake azabtar da su. A nan ƙarfin ƙungiyar yake: manomin da ya tashi da bindiga a kafaɗa ba zai ajiye ta don maganar ɗan siyasa ba, amma ya ajiye ta da aka nuna masa addininsa ne ya nema. Tsarinsu irin na soja ne, da muƙamai da fareti, sai dai babu makami. Suna share ƙauyuka, suna buɗe makarantu, mata ma sun shiga. Jajayen riguna suke sawa, har Turawa suka laƙaba musu sunan masu jar riga.

Ranar 23 ga Afrilun 1930, bayan an kama shugabanninsu, sojoji suka buɗe wuta kan taron da ba ya ɗauke da makami a kasuwar Qissa Khwani da ke Peshawar. Mutane da yawa suka mutu. Wasu sojojin rundunar Garhwal sun ƙi bin umarnin harbi, aka yanke musu hukuncin ɗauri. Maimakon ƙungiyar ta watse, sai jama'a suka yi ta tururuwar shiga, har mambobinta suka kai kimanin 100,000. Ta haɗa kai da jam'iyyar Congress ta su Gandhi, kuma a 1937 yayan Bacha Khan, Dokta Khan Sahib, ya zama babban ministan lardin.

Raba Indiya a 1947 ne ya karya ta. Ƙungiyar ta ƙi amincewa da rabuwar, ta ƙaurace wa ƙuri'ar raba gardama kan ko lardin zai shiga Indiya ko Pakistan, lardin kuma ya faɗa cikin Pakistan. A 1948 aka harbe magoya bayanta a Babrra cikin watan Agusta, sabuwar gwamnati kuma ta haramta ta. Bacha Khan ya yi shekaru masu yawa a kurkuku a hannun Turawa da kuma na Pakistan. Ya rasu a Peshawar a 1988, aka binne shi a Jalalabad ta Afganistan. Jam'iyyar Awami National Party, wadda ɗansa Wali Khan ya jagoranta, ita ce ke iƙirarin gadon ƙungiyar a siyasar Pakistan.