Isabel Allende

Isabel Allende Llona marubuciya ce 'yar ƙasar Chile, wadda ta yi suna a aikin jarida na mujallar mata kafin ta koma rubuta ƙagaggun labarai. An haife ta ranar 2 ga Agusta, 1942. Da Sifaniyanci take rubutu, duk da cewa tun 1988 a Amurka take zaune. An fassara littattafanta zuwa harsuna sama da 40, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 70, shi ya sa ake sanya ta a sahun gaba na marubutan Sifaniyanci da aka fi karantawa a duniya. Littafinta na farko na ƙagaggen labari bai fito ba sai da ta kai kimanin shekara 40. Sau da yawa ana rikita ta da 'yar siyasar nan Isabel Allende Bussi, 'yar tsohon shugaban Chile Salvador Allende. Dangi ne, amma kowacce da harkarta.

Tasowa

A Lima, babban birnin Peru, aka haife ta, inda mahaifinta Tomás Allende yake aiki a ofishin jakadancin Chile. Shi da Salvador Allende 'yan maza zar ne. A 1945 ya tafi ya bar iyalinsa, mahaifiyarta Francisca Llona ta kwashi 'ya'yanta uku ta koma gidan iyayenta a Santiago. A wannan gida Isabel ta yi ƙuruciya, tsakanin kaka namiji mai tsauri da kaka mace mai sha'awar zaman kiran ruhohi. Su biyun daga baya sun zama ginshiƙin littafinta na farko.

Mahaifiyar ta sake zama da wani jami'in diflomasiyya, Ramón Huidobro, aikinsa kuma ya kai iyalin Bolibiya da Beirut ta ƙasar Labanan. Isabel ta dawo Chile a 1958. Daga 1959 zuwa 1965 ta yi aiki da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta auri Miguel Frías a 1962, suka haifi 'ya'ya biyu, Paula da Nicolás. Ta taɓa yin aikin fassara littattafan soyayya daga Ingilishi zuwa Sifaniyanci, aka sallame ta saboda takan sauya maganganun 'yan matan labarin don su fito da wayo, wani lokacin har ƙarshen labarin takan taɓa.

Shekarun mujallar Paula

A 1967 aka kafa mujallar Paula a Santiago, Delia Vergara ce babbar edita, ita ce kuma ta jawo Isabel cikin ƙaramin rukunin matan da suka fara aikin. (Sunan mujallar ya zo ɗaya da na 'yarta, amma an haifi 'yar tun 1963.) Chile ta wancan lokaci ƙasa ce mai riƙo da al'ada, Cocin Katolika na da ƙarfin faɗa a ji, dokar ƙasa ma ba ta san sakin aure ba sai a 2004. Mujallun mata kuwa ba su wuce girki da ɗinki da kwalliya ba. Paula ta riƙe waɗannan shafuka, amma a gefensu ta shiga buga rahotanni kan ƙwayar hana ɗaukar ciki, da zubar da ciki, da rabuwar aure, da cin amanar aure, da halin da mata masu aiki ke ciki.

Isabel ba ta yi makarantar koyon aikin jarida ba, a bakin aiki ta koya. A ƙaramar mujalla kowa na yin komai, ita ma haka: rahoto, hira, amsa wasiƙun masu neman shawara kan soyayya da sunan aro na Francisca Román, sai kuma filin barkwanci, wanda shi ya fi fito da ita. Ɗaya daga cikin filayenta sunansa "Civilice a su troglodita", ma'ana mace ta wayar da mutumin kogon da ke gidanta, wato mijinta. Da raha take caccakar isar maza, har mazan da ake zolaya su ma suna karantawa. An tattara waɗannan rubuce-rubuce an buga su littafi a 1974. Hirar da ta yi da wata matar aure da ta amsa cewa tana cin amanar mijinta, ba ta kuma nuna nadama ba, ta tayar da ƙura sosai, wasiƙun masu karatu suka yi ta kwarara ofis.

A tsakanin waɗannan shekaru ta yi aiki da mujallar yara ta Mampato, har ta zama editarta, ta gabatar da shirye-shirye a talabijin, ta rubuta wasannin kwaikwayo na dandamali.

Ita da kanta ba ta ɓoye cewa a ma'aunin jarida tana da rauni. Ta sha faɗin cewa takan cusa kanta cikin rahoto, takan kuma ƙara gishiri idan labarin ya yi lami. A 1973 marubucin waƙoƙin Chile Pablo Neruda ya gayyace ta gidansa da ke Isla Negra. Ta je da shirin hira, shi kuwa cin abinci kawai ya kira ta. Kamar yadda ta ba da labari, ya ƙi yarda ta yi hira da shi, ya ce mata a duk ƙasar babu ɗan jaridar da ya kai ta rashin iya aiki, tunda ba ta iya tsayawa a kan abin da ya faru, in ba ta sami labari ba sai ta ƙirƙira. Ya ba ta shawara ta koma adabi, inda wannan aibi zai zama baiwa. Ba ta ɗauki shawarar a lokacin ba.

Juyin mulki da gudun hijira

Ranar 11 ga Satumba, 1973 sojoji suka kifar da gwamnatin Salvador Allende, shugaban ya mutu a fadar La Moneda, Janar Augusto Pinochet ya karɓi ragama. Neruda ya rasu bayan kwana 12. Aka ƙaƙaba wa kafafen yaɗa labarai takunkumi, irin barkwancin Isabel ya zama abin tuhuma, a 1974 aikinta a Paula ya ƙare. Ta taimaka wa mutanen da ake farauta wajen ɓuya da shiga ofisoshin jakadanci. Da barazana ta iso kanta sai ta fice zuwa Benezuwela a 1975, ta yi shekara 13 a can.

A Caracas sunan da ta yi a gida bai amfane ta da yawa ba. Ta sami fili a jaridar El Nacional, amma abin da ya riƙe ta shi ne aikin gudanarwa a wata makaranta.

Wasiƙar da ta zama littafi

Ranar 8 ga Janairu, 1981 labari ya iske ta cewa kakanta, mai shekara 99, yana gargara a Santiago, ga shi ba halin komawa. Sai ta zauna rubuta masa wasiƙa, don ta tabbatar masa ba ta manta ko ɗaya daga labaran gidan da ya ba ta ba. Da rana tana makaranta, da dare tana buga tafireta a kicin. Kakan ya rasu bai karanta ba, wasiƙar kuwa ta ci gaba da tsawo har ta kai shafi wajen 500 cikin shekara guda. Masu buga littattafai da dama a Latin Amurka suka ƙi karɓa. Daga ƙarshe rubutun ya isa hannun Carmen Balcells a Barcelona, wakiliyar marubuta wadda a lokacin ita ce ke kula da harkokin Gabriel García Márquez da Mario Vargas Llosa. Kamfanin Plaza & Janés ya buga shi a 1982 da sunan La casa de los espíritus, wato gidan ruhohi.

Littafin ya bi zuriyar Trueba tun daga farkon ƙarni na 20 har zuwa juyin mulkin soja, a wata ƙasa da ba a ambaci sunanta ba amma kowa ya gane ta. Esteban Trueba, mai gonaki mai zafin rai, daga kakanta aka ɗauko shi, matarsa Clara mai gani har hanji kuma daga kakarta. An mayar da shi fim a 1993, Bille August ya ba da umarni, Meryl Streep da Jeremy Irons suka fito a ciki. Tun daga nan, duk sabon littafi ranar 8 ga Janairu take fara shi.

Sawun jarida a cikin labaranta

Wanda ya san aikinta na mujalla zai ga hannun bai canja ba. Jimlar farko takan kama mai karatu, labari ba ya tsayawa, mata ne a tsakiya, raha kuma na ratsa ko da wurin kuka ne. Mujalla kasuwa ce da mai karatu ke juya shafi da zarar ya gaji, kuma ta sha cewa a can ta koyi riƙe hankalinsa, da yin hira, da bincike, da gama aiki a kan lokaci.

Littafinta na biyu, De amor y de sombra (1984), shi ne ya fi kusa da rahoton jarida. A 1978 an gano gawawwakin mutum 15 a tsofaffin matoyan farar ƙasa a Lonquén, kusa da Santiago, mutanen da 'yan sanda suka kama bayan juyin mulki aka daina jin ɗuriyarsu. A kan wannan ta gina labarin, ta kuma sa jarumar, Irene Beltrán, ta zama 'yar jaridar mujallar mata da ta tashi cikin gata, ba ta san abin da ke faruwa a ƙasarta ba sai da aiki ya kai ta bakin ramin. Largo pétalo de mar (2019) ma da hira ya samu: ya dogara da tarihin jirgin ruwan Winnipeg, wanda Neruda ya shirya ya kwaso 'yan gudun hijirar yaƙin basasar Sifaniya kimanin 2,000 zuwa Valparaíso a 1939, ta kuma san ɗaya daga fasinjojin jirgin tun zamanta a Benezuwela. A littafinta na 2025, Mi nombre es Emilia del Valle, jarumar 'yar jarida ce da aka tura ɗauko labarin yaƙin basasar Chile na 1891.

Littafin da da yawa ke ganin ya fi kowanne ratsa zuciya ba ƙagagge ba ne. A Disamba 1991 'yarta Paula, wadda ke fama da porfiriya, wani ciwon gado da ba a cika samunsa ba, ta faɗi doguwar suma a wani asibiti a Madrid. Isabel ta zauna a gefen gadonta tana rubuta mata tarihin danginsu, don in ta farka kada ta rasa kanta. Paula ba ta farka ba, ta rasu ranar 6 ga Disamba, 1992 tana da shekara 29. Rubutun ya fito a 1994 da sunan Paula, kuma mafi yawan abin da aka sani game da shekarun Isabel na mujalla, har da maganar Neruda, daga cikinsa yake. Ya kamata mai bincike ya tuna cewa mai ba da labarin ita ce wadda ta amsa laifin ƙara gishiri.

Suka

Karɓuwarta wurin masu karatu ba ta zo daidai da matsayinta wurin masu nazari ba. Tun farko an ce littafinta na farko ya jingina da yawa ga salon García Márquez na gauraya abin al'ajabi da rayuwar yau da kullum. Marubucin Chile Roberto Bolaño ya ƙi kiranta marubuciya ta gaske, manazarcin Amurka Harold Bloom shi ma bai ga abin da zai dawwama a aikinta ba. Abin da suke kushewa, wato sauƙin karatu da son faranta wa mai karatu da yawan soyayya, shi ne dai gadon mujalla. Masu kare ta suna cewa kamanni da García Márquez na fili ne kawai, domin nata labarin ta idon mata aka ba da shi, siyasarsa kuma a bayyane take. Ita kuma tana ganin akwai raini ga mata a cikin sukar, da kuma ɗaukar cewa duk littafin da ya yi kasuwa ba shi da nauyi. Gaskiya ne littattafanta na baya ba duka suka kai na farko ba, wasunsu a kan tsohuwar hanya suke tafiya.

Rayuwa a Amurka da lambobin yabo

Aurenta na farko ya mutu a 1987. Shekara ta gaba ta auri wani lauya Ba'amurke, Willie Gordon, ta koma Kalifoniya, daga baya ta sami takardar zama 'yar ƙasa. Sun rabu a 2015, ta sake aure a 2019. A 1996 ta kafa gidauniya don tunawa da Paula, wadda ke tallafa wa ƙungiyoyin kare haƙƙin mata da 'yan mata.

Tana cikin mata takwas da suka ɗauki tutar Olamfik a bikin buɗe wasannin hunturu na Turin a 2006. A 2010 aka ba ta babbar lambar adabi ta ƙasar Chile bayan doguwar muhawara a jaridu kan ko ta cancanta, ta zama mace ta huɗu da ta samu, bayan Gabriela Mistral da Marta Brunet da Marcela Paz. Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar 'yanci ta shugaban ƙasa a 2014, a 2018 kuma gidauniyar littattafai ta Amurka ta karrama ta da lambarta ta gudummawa ga adabin ƙasar, karo na farko ke nan da aka ba wanda ke rubutu da Sifaniyanci.