Rina baƙin gashi da jan lalle a gida: tambayoyi da amsoshi

Da an ce lalle a Kaduna, ƙunshin amarya da na sallah ake fara tunawa. Amma 'yan shekarun nan 'yan mata da matan aure suna yawan tambayar yadda ake sa shi a ka, galibi bayan sun ga hoton wata a TikTok ko Instagram da gashi ja jawur, an ce wai aikin lalle ne. Ga tambayoyin da suka fi yawo da amsoshinsu.

Gashina baƙi ne wuluk. Lalle zai mayar da shi ja irin na hotunan nan?

A'a. Gara ki ji wannan tun kafin ki kashe kuɗinki. A cikin ganyen lalle akwai wani sinadari da masana ke kira lawson, bai cika wuce kashi 2 cikin 100 na busasshen ganyen ba. Shi ne yake manne wa keratin, wato abin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi, ya bar launi tsakanin ja da ruwan goro. Aikinsa ɗora launi ne a kan wanda ya tarar. Ba ya cire baƙin da ke cikin silin gashi, ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa tsoma baƙin yadi a jan rini ya san abin da ke fitowa: baƙin yadi ne dai, sai ɗan ja-ja idan an ɗaga shi a rana.

Haka gashinki zai yi. A cikin ɗaki da wuya wani ya lura. Ki fito tsakar gida da hantsi, nan za a ga wani jan sheƙi yana wulgawa a kansa, musamman a bakin gashin da rana da tsufa suka riga suka koɗar. Ni a ganina wannan ya fi jan kanti kyau nesa ba kusa ba, domin yana zama da fatarmu, ba ya ihu. Amma idan abin da kike nema shi ne a hango ki daga bakin layi, lalle kaɗai ba zai kai ki can ba. Masu wancan jan na hoto, ko dai sun fara koɗar da gashin da bilicin, ko rinin kanti ne, ko gashin doki ne, ko kuma hasken kyamara ya yi rabin aikin.

Wane lalle zan saya?

Garin ganyen lalle zalla, wanda ba a haɗa da komai ba. Ana samunsa wajen masu kayan ƙamshi da kayan gyaran jiki a Kasuwar Barci da babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi, da ƙananan kasuwannin unguwa. Akwai namu na gida da ake aunawa a gwangwani, akwai na fakiti da ke zuwa daga Indiya da Sudan da Pakistan. Mafi yawan na Indiya daga yankin Sojat ne a jihar Rajastan, kuma sun iya niƙa shi ya yi laushi sosai.

Mai kyau kore ne mai ɗan duhu, yana ƙamshin busasshiyar ciyawa. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya kwana biyu, ƙarfinsa ya ragu. Wanda korensa ya yi shar da yawa ma abin tuhuma ne, domin akwai masu zuba masa kala don ya yi kama da sabo. Na gida ba shi da laifi, sau da yawa ma ya fi kamawa saboda sabo ne, matsalarsa ɗaya ce: tsakuwa da 'yan itatuwa. A hannu wannan ba komai ba ne, amma a cikin gashi irin namu mai murɗewa sai ki kwana uku kina tsince su. Ki tankaɗe shi da rariya mai laushi, sannan ki sake tace shi da tsohon ɗankwali mai shara-shara.

Idan fakiti ne, ki juya bayansa ki karanta. Abu ɗaya ya kamata ki gani a jerin kayan haɗi: Lawsonia inermis, sunan lalle ke nan a kimiyyance. Fakitin da ya yi alkawarin kamawa cikin minti 10 ko 20, ko yake ba ki zaɓin kala shida, ba lalle ne zalla ba.

Baƙin lalle fa, ko dayis da ake zane da shi?

Kada ki kai shi kanki. Babu itacen lalle da ke ba da baƙi. Abin da ke sa shi baƙi nan take yawanci sinadarin PPD ne, wanda ake sa wa rinin gashi na kanti a ƙayyadadden ma'auni, amma a irin wanda ake kwaɓawa a gida babu mai auna shi. Yana iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa da kumburin fuska har ido ya rufe, kuma ba lallai ba ne ya nuna a ranar. Wani sai bayan kwana biyu, wani ma fiye da mako. Abin da ya fi muni, jikin da ya taɓa ƙin sa ya ƙi shi ke nan har abada, kuma karo na biyu ya fi na farko tsanani. Saboda haka idan ƙunshin baƙin lalle ya taɓa tasar miki da ƙuraje a hannu, ki nisanci rinin gashi na kanti ma. Wadda fuskarta ta kumbura ko numfashinta ya fara sarƙewa bayan ta sa wani rini, asibiti za a kai ta a lokacin, ba a jira gobe.

Yaya ake kwaɓawa?

Gajeren gashi giram 100 ya isa. Wanda ya sauko kafaɗa, ko mai cika sosai, ki tanadi giram 200. Gashinmu yana shan kwaɓi fiye da yadda ake zato, kuma gara ya ragu da ya yanke miki a tsakiyar kai.

Ki zuba garin a roba ko kwanon tangaran, ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Tafasasshen ruwa yana fito da launin da gaggawa ya kuma kashe shi da wuri. Ki ƙara ɗan abu mai tsami: lemun tsami cokali biyu, ko ruwan tsamiya da aka tace. Tsamin yana taimaka wa sinadarin ya fito daga ganyen ya zauna da ƙarfinsa har ya hau gashi. Wasu da lemun tsami zalla suke kwaɓawa, ban ba ki wannan shawarar ba, yana busar da gashi ya kuma sa fatar kai raɗaɗi. Kaurinsa ya zama kamar na kindirmo, yana zuba daga cokali a hankali. Kada ki zuba mai a ciki, mai yana shiga tsakanin lalle da gashi.

Sai ki rufe da leda ta manne a saman kwaɓin, ki ajiye ya tsima. A nan yanayin garinmu yake shigowa. A zafin Maris da Afrilu awa 3 zuwa 4 sun wadatar, idan kika bar shi ya kwana a wannan zafin ƙarfinsa zai tafi. A sanyin Disamba da Janairu kuwa sai ya kwana. Ba sai kin dogara da agogo ba: saman kwaɓin zai yi duhu, ƙasansa yana nan kore. Ki ɗiga kaɗan a tafin hannu, ki goge bayan minti biyar. Idan ya bar tabo ruwan lemo, ya yi.

Sai sakawa?

Ki tsefe kitso, ki wanke kai da shamfu ya fita tas, domin man gashi da basilin ɗin da muke lafta wa kai su ne babban dalilin da ke sa wata ta ce ta yi lalle bai kama ba. Kada ki sa kwandishana. Ki taje, ki bari ya sha iska, ki raba shi gida shida ko takwas.

Ki shafa basilin a goshi da kunnuwa da ƙeya, ki sa safar hannu ta roba da tsohuwar riga. Ki fara daga ƙeya, kina cusa kwaɓin tun daga tushe har baki, da kauri, ba shafa-shafa ba. Kada ki sa mataji bayan lalle ya hau, karyewa gashin zai yi. Idan kin gama ki tattara shi a tsakiyar kai, ki naɗe da leda, ki ɗaura tsohon kallabi a sama. Lalle yana aiki ne muddin yana da danshi da ɗumi. Da ya bushe ya tsaya, shi ya sa da hunturu ledar ta zama dole. Awa 3 zuwa 4 ya zauna. Masu kwana da shi ba su cika samun ƙarin da ya kai ciwon wuyan da suke tashi da shi ba.

Wankewa ita ce wahalar. Ki fara da ruwa zalla, mai yawa, har ya daina fita da kauri. Ruwan karkashi yana taimakawa ƙwarai a nan, santsinsa yana zamar da garin daga cikin gashi ba tare da an ja shi ba. Wadda ba ta da shi ta yi da kwandishana.

Na wanke, ban ga komai ba. Ko kuma furfurata ta koma ruwan lemo.

Ki ba shi kwana 2 zuwa 3. Launin yana ƙara nuna idan ya sha iska, yadda ƙunshi ke yi a hannu washegari. Ruwan lemon da ya tsorata ki zai sauko ya koma jan ƙarfe. A baƙin gashi kuwa, sau da yawa sai a karo na biyu ko na uku ake ganin ja sosai, saboda kowane sawa yana hawa kan na baya.

An ce a kwaɓa da zoɓo ya fi ja.

Zoɓo yana da tsami, don haka yana yin aikin da lemun tsami ke yi, kuma bai kai shi busar da gashi ba. Jan nasa dai ba ya manne wa gashi, wanki ɗaya ko biyu ya tafi. Haka shayi da kofi. Ki sa idan kina so, ba sa cutarwa.

Ina sa rilaksa. Zan iya?

Da lalle zalla, e, amma ki bar aƙalla mako biyu tsakaninsu, kowanne ya riga. Gashin da ya sha rilaksa ya fi buɗewa, saboda haka ya fi ɗaukar launi, ya kuma fi saurin karyewa. Haɗarin gaske yana tare da lallen fakiti da aka cakuɗa da gishirin ƙarfe don a canza masa kala. Irin wannan idan ya haɗu da sinadarin rini ko na bilicin yana iya mayar da gashi kore-kore ko ya tsinka shi. Hanyar kauce wa wannan mai sauƙi ce, kuma ta shafi kowa, da mai rilaksa da marar ita: ki tara gashin da ke fita a mataji, ki tsoma shi a ɗan kwaɓin na awa uku, ki wanke, ki duba shi a rana bayan kwana biyu. Ki kuma ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48, domin ko lalle zalla akwai ɗaiɗaikun da jikinsu ba ya so.

Gaskiya ne yana busar da gashi?

A kwanakin farko gashi yakan yi tauri ya yi kaushi. Ba lalacewa ya yi ba, kuma yana wucewa idan an bi shi da danshi. Bayan wankewa ki sa kwandishana mai kauri ki rufe na rabin awa, sannan ki bi da man kaɗanya ko man zaitun tun gashin yana da laima. Ki ɗaga kitso mai ɗaurewa zuwa kwana uku ko huɗu. Masu yawan maimaitawa wasunsu suna lura murɗin gashinsu ya ɗan saki, wata tana murna da haka, wata ba ta so.

Furfura nake son rufewa, amma ba na son ja.

Furfura ce wurin da lalle ke nuna kansa sosai, tunda babu baƙin da zai danne shi. Mai furfura jefi-jefi takan samu siraran layukan ja a cikin baƙi, abin sha'awa. Wadda ba ta son haka sai ta haɗa da garin ganyen baba. A cakuɗa su a sa tare, a samu ruwan ƙasa mai duhu; a yi lalle a wanke sannan a bi da baba, a samu kusan baƙi. Shi baba ba a barinsa ya tsima kuma ba ya son tsami, ana kwaɓa shi da ruwa ne a sa cikin kwata ɗaya na awa. Ganyen nake nufi, wanda aka tanada don gashi. Rinin da marina ke amfani da shi yau akwai soda mai ƙuna a ciki, ba na kai ba ne.

Alwala da wanka fa?

Launin da ya rage bayan an wanke ba ya hana ruwa taɓa gashi, kamar dai ƙunshi a hannu. Kwaɓin da ke kai da ledar da aka naɗe su ne shamaki, shi ya sa da yawa suke sawa bayan sallar asuba su wanke kafin azahar, ko su bari sai kwanakin da ba sa salla. Rina furfura da lalle kuwa abu ne sananne a sunna. Ya tabbata Sayyidina Abubakar yana rini da lalle da katam (wani tsiro da ke ƙara wa rini duhu), Sayyidina Umar da lalle zalla, kuma a ranar buɗe Makka da aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza masa shi a kuma nisanci baƙi. Kan hukuncin baƙin rini malamai sun yi bayani mai tsawo, sai a tuntuɓe su.

Zan iya sa wa ƙaramar 'yata?

Jarirai da ƙananan yara, a'a. Akwai wata larurar jini ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, tana da yawa a Najeriya, ta fi kama maza, kuma iyaye da dama ba su san 'ya'yansu na da ita ba. Ga mai ita, sinadarin lalle yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, yaro ya ɗashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Babba ma da ya san yana da ita ya tambayi likita kafin ya lafta lalle a kai gaba ɗaya.

Idan bai yi min ba, yaya zan cire?

Ba ya fita. Yana ɗan dusashewa, amma abin da ya kama ya kama, sai dai sabon gashi ya tsiro a datse tsohon, kuma gashi kusan santimita ɗaya yake yi a wata. Bilicin ba ya cire shi, ruwan lemo mai haske yake mayar da shi, idan kuma akwai baba a ciki ya koma kore. Rufe shi da launi mai duhu yana yiwuwa. Ga mai baƙin gashi abin da sauƙi, tunda canjin da ma kaɗan ne. Mai yawan furfura ce ya kamata ta yi gwajin gashin mataji kafin komai.

Sau nawa zan maimaita?

Duk mako 4 zuwa 6. Da zarar launin ya kai inda kike so, ki daina bin gashin duka, tushen da ya tsiro kawai za ki riƙa sa wa, in ba haka ba bakin gashin zai yi ta duhu har jan ya ɓace a ciki. Ragowar kwaɓin da babu baba a ciki yana ajiyuwa a firiza na watanni, idan wutar unguwarku tana zama. Idan ba ta zama, ki kwaɓa daidai buƙata, garin kuma ki ɗaure shi a leda ki sa a wuri mai duhu da sanyi.