Waiwaye: Aman wutar duwatsu da masu yanka wa duniya wa'adi

Duk lokacin da wani dutse ya yi aman wuta, kafin tokarsa ta sauka labarinsa ya karaɗe wayoyin mutane, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Sai a haɗo shi da girgizar ƙasar da aka yi a wata nahiya, da wani dutsen da ya motsa a wata ƙasa, a jera su reras, a ce to ga shi nan, babbar halakar da aka yi hasashe ta ƙarato. Wasu har wata da rana suke sawa. Haka aka yi a 2021 lokacin da dutsen tsibirin La Palma na Sifaniya ya shafe kwana 85 yana zubar da wuta, aka yi ta yaɗa cewa gefensa zai rufta cikin teku ya tayar da igiyar ruwan da za ta shafe gabashin Amurka. Haka aka sake yi a Janairun 2022 da dutsen ƙarƙashin teku na Tonga ya fashe. Tsoron yana da tushe, domin duwatsun nan sun sha jefa al'ummai cikin yunwa. Matsalar ita ce kusan kullum ana ajiye tsoron inda bai dace ba.

Ga Musulmi, maganar tana da asali a hadisi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce alƙiyama ba za ta tsaya ba sai wata wuta ta fito daga ƙasar Hijaz, wadda za ta haskaka wuyan raƙuma a Busra ta ƙasar Sham. A farkon watan Jimada Akhir na shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, ƙasa ta yi kwanaki tana girgiza a Madina. Daga nan sai ta tsage a Harrat Rahat, filin baƙaƙen duwatsun da ke kusa da birnin, narkakken dutse ya malalo. Masana ƙasa na yau sun ƙiyasta cewa ya yi kusan kwana 52 yana gudu, ya ci tafiyar kilomita 23, ya tsaya saura kilomitoci kaɗan ya iso gari. Abu Shama, masanin tarihi na Dimashƙa wanda ya rayu a lokacin, ya tattara wasiƙun da suka zo Dimashƙa daga Madina, har ya kawo labarin cewa a garin Taima an yi rubutu da dare da hasken wutar. Mutanen Madina, maza da mata da yara, suka taru a Masallacin Annabi suna kuka suna tuba. Sarkin garin ya 'yanta bayinsa, ya mayar wa mutane dukiyoyin da aka karɓe musu bisa zalunci.

Malaman zamanin, irin su Imam Nawawi da Ƙurɗubi, sun ambaci wutar a bayaninsu kan wannan hadisi, Ibn Kasir kuma daga baya ya kawo labarin ƙauyawan da suka ga wuyan raƙumansu da haskenta a Busra. Cikin shekarar da wutar ta fito ne kuma gobara ta kama Masallacin Annabi, ambaliya ta ci Bagadaza, ana kukan targaɗe sai ga karaya, a 1258 rundunar Hulagu, jagoran Mongol, ta rusa Bagadazan ta kashe halifa. In akwai mutanen da ke da uzurin cewa duniya ta zo ƙarshe, su ne. Duk da haka manyan malaman nan sun tsaya inda nassi ya tsaya. Sun ce alama ce ta bayyana, sun bambanta ta da wutar ƙarshe da hadisi ya ce za ta fito daga Adan ta kora mutane zuwa matattara, kuma ba su yanka shekara ba, domin Alƙur'ani ya faɗa ƙarara cewa sanin lokacin yana wurin Allah shi kaɗai. Yau sama da shekara 760 ke nan. A ganina wannan kamun kai shi ne abin da masu tura saƙonnin yau suka rasa.

Abin mamaki, shekara ɗaya kacal bayan wutar Madina, a 1257, dutsen Samalas da ke tsibirin Lombok a Indunisiya ya yi wani aman da yana cikin mafi girma a shekara dubu biyun da suka wuce. Ba Madina, ba Dimashƙa, ba Turai, babu inda aka ji labarinsa. Abin da aka gani kawai shi ne sanyi da ruwan da ya ƙi tsayawa, amfanin gona ya lalace a Ingila a 1258, yunwa ta kashe talakawa a Landan. Masana sun daɗe suna ganin alamar farar wutarsa a cikin tsohuwar ƙanƙarar Girinland da Antatika ba su san daga ina ta fito ba, sai a 2013 aka gano dutsen, da taimakon wasu tsofaffin rubuce-rubucen Lombok da aka yi a kan ganyen wata bishiya 'yar uwar giginya, waɗanda suka ba da labarin halakar birnin Pamatan. Ƙaramar wutar da aka gani da ido ta cika littattafai. Babbar da ta taɓa abincin duniya ta ɓuya shekara ɗari bakwai da hamsin.

Yadda dutse ke taɓa abincin mutanen da ba su taɓa ganin sa ba abu ne da aka fahimta yanzu. Toka takan sauka cikin kwanaki. Iskar farar wuta kuwa, in aman ya yi ƙarfin da zai cilla ta can saman gajimare, takan rikiɗe ta zama wani siririn hazo da ke zagaye duniya shekara ɗaya ko biyu yana tare hasken rana. A 8 ga Yunin 1783 ƙasa ta tsage a Laki ta Aisland, tsagin da ya kai kilomita 27, ta yi wata takwas tana ama. Guba ta sauka a kan ciyawa, yawancin tumaki suka mutu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar suka bi su saboda yunwa. Can Masar kuma Kogin Nilu ya ƙi cika a 1783 da 1784, aka yi yunwa mai tsanani, kuma binciken zamani ya danganta raunin daminar da ke ciyar da kogin da hazon Laki.

Labarin 1816 shi ne ya fi kama da abin da muke gani yau. A 10 ga Afrilun 1815, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya koma Sakkwato daga Sifawa, dutsen Tambora na tsibirin Sumbawa ya fashe. An ji ƙararsa har Sumatara, jami'an Ingila da ke riƙe da Jawa a lokacin suka zaci harbin igwa ne har suka tura soja. Dutsen da tsayinsa ya kai wajen mita 4,300 ya dawo mita 2,850. Dubun-dubatar mutane suka mutu a Sumbawa da Lombok, akasarinsu saboda yunwa da cutar da suka biyo baya. Shekara na zagayowa sai Turai da arewacin Amurka suka wayi gari babu lokacin zafi. Dusar ƙanƙara ta sauka a watan Yuni a arewa maso gabashin Amurka, alkama ta ruɓe a gonakin Turai, aka yi ta boren abinci. Ana cikin haka jaridu suka baza hasashen wani mai duban taurari na birnin Bolonya a Italiya cewa rana za ta mutu ranar 18 ga Yulin 1816. Coci-coci suka cika. A birnin Gent na Beljiyam, sojan doki sun busa ƙaho da yamma ana tsakiyar hadari da tsawa, mutane suka fito titi suka durƙusa suna kuka, sun ɗauka busar ƙahon tashin alƙiyama ce. Ranar 18 ta zo ta wuce. Yunwar ba ta wuce ba sai da ta kai 1817, kuma babu ko ɗaya cikin masu firgitar da ya ambaci Tambora. Sai bayan kusan shekara ɗari wani masanin yanayi Ba'amurke, William Humphreys, ya haɗa sanyin da dutsen.

Da dutsen Krakatau na Indunisiya ya fashe a 27 ga Agustan 1883, duniya ta riga ta canza, domin an shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin teku. Mutum sama da 36,000 suka mutu, yawanci a igiyar ruwa, kuma cikin sa'o'i labarin ya isa Turai da Amurka. Watanni bayan haka sama ta riƙa yin ja jawur da almuru, har a wasu garuruwan Amurka aka kira 'yan kwana-kwana ana zaton gobara ce. Tun daga nan kowane babban aman ya zama labarin kowa, kuma tun daga nan ne mutane suka fara jin kamar duwatsun ƙaruwa suke yi.

Wannan ji shi ne ginshiƙin hujjar masu hasashen yau, kuma an amsa shi tuntuni. Cibiyar Smithsonian ta Amurka, wadda ke ajiye kundin aman duwatsu na duniya, ta nuna cewa a kowane lokaci akwai duwatsu 40 zuwa 50 da ke cikin aman da bai yanke ba. Lissafin da aka rubuta ya ƙaru a ƙarni biyun nan, gaskiya ne, amma ya faɗi a shekarun yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da hankalin jaridu da jiragen ruwa ya koma wani wuri, ya kuma tashi bayan Krakatau da kowa ya zuba ido. Manyan aman da ba sa ɓuya ga kowa kuwa adadinsu bai sauya ba. Kamar wanda ya sayo fitila ne ya ce ɓeraye sun ƙaru a rumbu. Yanzu da tauraron ɗan'adam ke kallon kowane tsibiri, kowa kuma da kyamara a aljihu, babu dutsen da zai yi tari a ɓoye.

Dutsen Yellowstone na Amurka shi ne wanda aka fi jingina wa ƙarshen duniya, musamman a hayaniyar cewa duniya za ta tashi ranar 21 ga Disambar 2012, wadda aka rataya wa tsohuwar kalandar mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya. Ya yi manyan aman sau uku, shekara miliyan 2.1, da miliyan 1.3, da wajen 640,000 da suka wuce, sai masu hasashe suka ce lokacinsa ya yi har ya gota. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda na'urorinta ke kansa dare da rana, ta sha cewa duwatsu ba sa aiki da jadawali, kuma babu alamar irin wannan aman a kusa.

Ba na son a fahimci cewa babu haɗari. A 2022 wasu masana biyu sun rubuta a mujallar kimiyya ta Nature cewa yiwuwar a ga aman mai girman na Tambora cikin wannan ƙarni ta kai ɗaya cikin shida, kuma duniya ba ta shirya ba. Mu nan yankin Sahel abin ya shafe mu kai tsaye, ta hanyar damina. Wani bincike da masana yanayi na Ingila suka fitar a 2013 ya nuna cewa babban aman a arewacin duniya yakan ja ruwan damina ya karkata kudu. Dutsen Novarupta na Alaska ya fashe a Yunin 1912, daminar 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da ƙasar Hausa ke kira Kakalaba. El Chichón na Meziko ya fashe a 1982, farin 1983 da 1984 ya biyo baya. Ba dutse kaɗai ya jawo waɗannan ba, akwai yanayin teku, a zamanin Kakalaba kuma akwai harajin Turawa da ya kwashe rumbuna. Amma duk mai son ya ji tsoron dutse a ƙasar nan, ga inda ya kamata tsoron ya kai shi: ajiyar hatsi, irin shuka mai saurin nuna, da sauraron hasashen damina.

Akwai kuma wanda ya fi kusa. Daren 21 ga Agustan 1986, tafkin Nyos da ke cikin ramin wani tsohon dutse a arewa maso yammacin Kamaru ya saki wata iska mai shaƙe numfashi da ta taru a ƙasansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari ta bi ƙauyuka. Mutum 1,746 suka mutu, da yawansu a kan shimfiɗarsu, shanu wajen 3,500 suka zube a makiyaya, waɗanda suka fara isa wurin suka tarar ko ƙuda babu a kan gawarwakin. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya, gargaɗin bai isa Nyos ba. Sai a 2001 aka kafa bututun farko da ke zuƙo iskar a hankali. Fargabar cewa bangon tafkin zai iya ɓallewa ruwa ya bi kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai tana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila.

Bambancin da sa ido ke kawowa an gan shi cikin shekara shida. A Nuwambar 1985 dutsen Nevado del Ruiz na Kwalambiya ya narkar da ƙanƙarar kansa, laka ta binne garin Armero, mutum kusan 23,000 suka mutu, alhali taswirar haɗarin tana hannun hukuma. A Yunin 1991 dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman da ya ninka wancan nesa ba kusa ba, har ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri, amma masana sun yi makonni suna auna motsinsa, aka kwashe dubun-dubatar mutane, waɗanda suka mutu ba su kai dubu ba.

A Afirka dutsen da ya fi barazana ga babban birni shi ne Nyiragongo, wanda ke saman Goma a gabashin Kwango, kuma wutarsa ta ratsa tsakiyar birnin a Janairun 2002. Cibiyar da ke sa masa ido ta rasa tallafin Bankin Duniya a 2020 bayan zargin almundahana, ma'aikatanta suka yi watanni suna fama da kuɗin intanet da man mota na zuwa duba na'urori. Ranar 22 ga Mayun 2021 dutsen ya tsage da yamma ba tare da an gargaɗi kowa ba. Mutum fiye da talatin suka mutu, dubban gidaje suka ƙone, kwana biyar bayan haka hukuma ta umarci dubban ɗaruruwan mazauna Goma su bar birnin.