Kashe Soket Ba Ya Kashe Wutar Na'urar Sanyaya Ɗaki

Masu gyaran AC da yawa sun yi imani cewa da zarar an kashe soket, an zare waya, sai a sa hannu kawai. Ba haka ba ne. Akwai kafasita a ciki, aikinta tara wuta, kuma tana riƙe ta bayan an yanke lantarki. A na'urori masu inbata, wato masu ƙara ko rage gudun injinsu gwargwadon buƙata, abin ya fi tsanani, domin wutar da aka tara daga layin bolt 230 tana haura bolt 300. Shi ya sa tsarin kiyaye lafiyar ma'aikata ya wajabta kulle makunni da kwaɗo, a jira, a auna da mita, sannan a sauke wutar ta resista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta don ta fita a hankali. Haɗa bakin kafasita da sukurudireba, da wasu ke koya wa yaran shago, tartsatsi yake yi, ya ƙona hannu, ya lalata allon lantarkin da ke cikin na'urar.