Waiwaye: Yadda aka yanka ruwan San Faransisko fuloti-fuloti

Tun daga 2018, lokacin da mazauna birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya a Amurka suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da a ciwo bashin dala miliyan 425 domin fara gyaran katangar da ke tare ruwan teku a gabashin birnin, muhawara ba ta lafa ba a kan wanda zai biya ragowar kuɗin da kuma unguwar da za a fara cetowa. An gina katangar, mai tsawon kusan kilomita 5, daga ƙarshen shekarun 1870 zuwa wajen 1916 a kan laka mai taushi, kuma injiniyoyi sun nuna cewa girgizar ƙasa mai ƙarfi na iya tura ta cikin ruwa tare da ƙasar da take tokare da ita. Masana sun ƙiyasta yiwuwar aukuwar girgiza mai maki 6.7 ko fiye a yankin kafin 2043 da kashi 72 cikin 100. Mai sauraron wannan muhawara zai iya ɗauka cewa matsalar sabuwa ce, alhali tana zane a kan takarda tun kafin a haifi kakannin masu jayayyar.

Labarin da kowa ya sani gajere ne. An gano zinari a Kalifoniya a Janairun 1848, ƙauyen San Faransisko da mutanensa ba su wuce 1,000 ba ya kai wajen 25,000 a 1850, aka rasa wurin gini, aka cike bakin teku. Sai girgizar 18 ga Afrilun 1906 da gobarar kwana uku da ta biyo baya suka halaka mutane fiye da 3,000 da gine-gine kusan 28,000. A wannan ruwaya, haɗamar zinari ce ke ɗaukar laifin duka.

Amma wata shida kafin a ga ƙwayar zinari ta farko, a Yulin 1847, an riga an yi gwanjon ɗaruruwan fuloti a cikin ɗan mashigin tekun da ake kira Yerba Buena, wanda a lokacin ruwansa ke zuwa har inda titin Montgomery yake a yau. Aikin safiyo na wannan shekara ya miƙa layukan titunan garin kai tsaye zuwa cikin ruwa, ya yanka abin da ke tsakaninsu gida-gida, kowane da lambarsa, kamar dai tudu ake rabawa. Wasu daga cikin fulotan laka ce da ke bayyana idan teku ya janye, wasu kuwa ba sa fitowa ko kaɗan, sai dai mai su ya hau kwalekwale ya nuna inda hakkinsa yake. A ganina a nan ne al'amarin ya karkata, domin daga ranar da ruwa ya samu lamba da takardar mallaka, cike shi ya zama abin da kowane mai fuloti zai yi don kada kuɗinsa ya salwanta, kuma kowa ya yi nasa ciko da abin da hannunsa ya kai gare shi, ba tare da wani ma'auni ɗaya ba. An kwaso yashi daga tuddan da ke bayan gari, an zuba shara da tarkacen gobarar da ta sha cinye garin tsakanin 1849 da 1851, har jiragen ruwan da matuƙansu suka gudu neman zinari an mai da wasu rumbunan ajiya, daga baya ƙasa ta binne su. A 1978 masu haƙa harsashin gini suka ci karo da gangar jirgin Niantic a ƙarƙashin tsakiyar unguwar bankuna, nesa da bakin ruwa na yanzu.

A daidai wannan lokaci akwai wani awon na daban da ake yi. Ma'aikatan hukumar auna gaɓar tekun Amurka, waɗanda damuwarsu ita ce lafiyar jiragen ruwa, sun fitar da taswirar birnin a 1853 wadda ta nuna ainihin bakin ruwa, da fadamar da ke kudu da titin Market, da rafin Mission mai kwarara zuwa mashiginsa. Taswirar fuloti tana faɗin wanda ya mallaki wuri, ita kuwa wannan tana faɗin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Da ta farko ake ciniki, ake karɓar haraji, ake shari'a, saboda haka ita ta zauna a hannun jama'a. Da zarar an shimfiɗa titi an kafa shaguna, fulotin da aka yi da shara a kan laka da wanda ke kan dutse sun zama iri ɗaya a takarda, kuma mai saye na uku ko na huɗu ba shi da hanyar bambance su.

Ƙasar da kanta ta sha tunatarwa. A girgizar 21 ga Oktoban 1868, wadda ta kashe mutane kusan 30 a yankin, mafi munin ɓarnar birnin ta taru ne a kan cikon tsohon mashigin. Abin da ke faruwa shi ne, yashin da ba a danne shi ba kuma ya ƙoshi da ruwa, idan aka jijjiga shi sai ƙwayoyinsa su saki juna, ya koma kamar kunu na ɗan lokaci, ya kasa ɗaukar nauyin da ke kansa. A 1906 otal ɗin titin Valencia mai hawa huɗu, wanda aka gina a kan tsohuwar hanyar ruwa da aka cike, ya nutse har waɗanda ke hawa na sama suka fito kusan daidai da titi, na ƙasa kuma da yawa ba su fito ba. A wurin ne manyan bututun ruwan birnin suka tsinke, 'yan kwana-kwana suka tsaya da mesa a hannu babu ruwa. Rahoton binciken da aka wallafa a 1908 ya zana ƙarfin girgizar unguwa-unguwa, kuma wuraren da suka fi shan wuya sun bi sawun fadamu da rafukan tsohuwar taswira.

Shekara huɗu kacal bayan wannan rahoto, a 1912, aka zuƙo yashi da laka daga ƙasan teku aka cike wani lungun ruwa a arewacin birnin domin bajekolin duniya na 1915, wurin da ya zama unguwar Marina. Mutane da dama har yau suna cewa da ɓaraguzan 1906 aka cike ta, amma binciken ƙasa ya nuna cewa wannan yashin da aka zuƙo ne ya fi yin lahani. Da yammacin 17 ga Oktoban 1989 girgizar Loma Prieta mai maki 6.9, wadda cibiyarta ke da nisan kusan kilomita 100, ta kashe mutane 63 a yankin baki ɗaya. A Marina yashi mai ruwa ya ɓulɓulo ta tsagar daɓen gareji, gidaje masu hawa uku da huɗu suka durƙusa a kan hawan ƙasa, bututun gas ya fashe, wuta ta tashi, yayin da gidajen kan tudu da ke kusa suka tsira da ɗan tsagewar bango.

Bayan haka ne jihar ta kafa doka a 1990 ta zana taswirar wuraren da ƙasarsu ke iya narkewa, kuma a yau wajibi ne mai sayar da gida ya sanar da mai saye idan gidan yana cikinsu. Taswirar San Faransisko ta fito a 2000, shekara 153 bayan gwanjon farko. Wanda ya ɗora ta a kan taswirar 1853 zai ga iyakar haɗarin a gabashin birnin tana bin tsohon bakin ruwa kusan lanƙwasa bayan lanƙwasa, kuma a bayan katangar da ake jayayya a kanta, a kan waɗancan fulotan ruwa, akwai dogayen benaye da hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa da dubban mutane ke bi kowace safiya.